Kwas Ukun da Suka Rage wa Mi-ran

Pyo Mi-ran tana da shekara hamsin da bakwai lokacin da ta koma jami'a, kuma ba ita ta nemi komawar ba. Yayanta ne ya nema mata.

A garin Gimcheon na ƙasar Koriya aka haife ta, a benen da ke saman shagon niƙa na mahaifinta, daf da bakin kasuwa. Shago ne na niƙan barkono da garin shinkafa da matsar man riɗi, kuma duk wanda ya tashi a gidan sai kayansa sun riƙe ƙanshin soyayyen riɗi komai yawan wanki. Su biyu iyayensu suka haifa, Dong-sik da ita. Shi ya yi karatun injiniya ya samu aiki a Seoul, ita kuma a shekarar 1985 ta shiga wata jami'a a Daegu tana karanta adabin Koriya.

Dokar jami'ar ita ce ba ka samun digiri da darussan fanninka kaɗai. Akwai darussan gama-gari da kowa sai ya yi, ko likita zai zama ko malamin makaranta: tarihin ƙasa, Turanci, ɗa'ar ƙasa, motsa jiki, da kwas guda na kimiyya. Mi-ran ta gama da sauran tun shekarar farko. Kimiyyar ce ta yi ta turawa gaba, don tun sakandare ba sa shiri. Kowane zango sai ta ce na gaba. Da ta ga babu sauran gaba, a zangon ƙarshe na shekara ta huɗu, ta yi rajistar ilimin halittu. Mako shida ta halarta.

A mako na bakwai aka kira wayar gidan da take haya. Mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a gaban injin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ta ɗauki ƙaramar jaka ta zuba kaya kala biyu da littafin ilimin halittun, saboda akwai gwaji ranar Alhamis. Ta ce wa mai gidan hayar ta ajiye mata ɗakin, mako guda za ta yi.

Shekara goma sha ɗaya mahaifin ya yi a kwance. Dong-sik yana da aiki, ga sabuwar amarya, ba wanda ya ma kawo maganar ya dawo. Uwar tana ƙasa da injin, Mi-ran tana sama da majinyaci, in ya yi barci ta sauko ta ɗura mai a kwalabe. Akwai wani ma'aikacin gidan waya da ya yi ta zuwa sayen man da ba ya buƙata har shekara biyu, daga baya ya gaji ya nemi wata. A shagon su Mi-ran uwarsa ta ba da aikin wainar shinkafar bikinsa, kuma Mi-ran ce ta turara ta, ta yanka, ta jera a akwatuna.

Bayan rasuwar mahaifin an samu 'yan shekaru na sarari, amma a lokacin gwiwoyin uwar sun gama aiki, shago ya dawo hannun Mi-ran. Daga nan uwar ta fara mantuwa. Ta manta tukunya a wuta, ta manta hanyar gida daga kasuwa, ta manta mijinta ya mutu, a ƙarshe ta manta Mi-ran, tana kiranta "baiwar Allah" tana yi mata godiya duk lokacin da ta canza mata shimfiɗa. Ta cika a ƙarshen shekarar 2022. Mi-ran ba ta yi kuka a wajen makokin ba. Mata suna ta cewa ta yi dauriya, ita kuwa ta duba cikinta ba ta samu abin da take daurewa ba. Washegarin binnewa ta tashi ƙarfe biyar kamar kullum, ta dama kunun shinkafa marar gishiri, sai da ta zuba a kwano ta tuna babu mai sha. Ta zauna ta shanye.

Ranar da aka yi sadakar kwana arba'in da tara, bayan baƙi sun watse, Dong-sik ya same ta a kicin tana wanke kwanuka. Ya yi furfura, ya yi ritaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin motarsa.

"Mi-ran, na buga waya makarantarku."

"Wace makaranta?"

"Jami'a mana. Makarantu nawa gare ki? Sun ce suna mayar da wanda ya bari, komai daɗewa. Kwas ɗaya fa ya rage miki. Ɗaya tak."

"To."

"To me? Za ki, ko ba za ki ba?"

"Ai ka ce ka riga ka buga."

"Ke kam! Mutum ya kawo miki abin alheri ki riƙa amsawa kamar an aike ki sayen gishiri." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Da ma tun tuni ya kamata."

Ta ce to, ta ci gaba da ɗauraye kwano.

A watan Fabrairu ta hau jirgin ƙasa zuwa Daegu. Ba ta gane ƙofar jami'ar ba, har sai da ta tambayi mai gadi. A ofishin rajista aka tura ta wurin wata mata mai suna Gil Yeon-suk, gajeriya mai yawan magana, da tabarau a saman kai da wani a kan hanci. Malama Gil ta buga sunan a kwamfuta sau uku, babu. Da ta ji shekarar shiga sai ta tafa hannu.

"Tamanin da biyar! Ashe yayata ce. Ni a nan na gama, shekara takwas a bayanki. Yaya, ai kin girme wa kwamfutarmu. Zauna, sai na sauka ɗakin ajiya."

Ta dawo bayan rabin sa'a da ƙura a hannun riga da wani kati mai ruwan ƙasa, an cike shi da rubutun hannu. A kusurwarsa akwai hoton wata yarinya mai yankakken gashi, tana ƙoƙarin danne dariya. Mi-ran ta kalli hoton. Ta san rigar, ta tuna inda aka saya. Fuskar kuwa kamar ta 'yar maƙwabta.

"Kai, dubi maki," in ji Malama Gil. "Ke ai gwana ce. To amma Yaya, akwai magana. Wanda ya dawo, dokar shekarar da ya dawo ce ke hawansa, ba ta shekarar da ya shiga ba. Darussan gama-gari kuwa tun tafiyarki an yi musu garambawul ya fi sau shida. Duk sabon shugaba da nasa tsarin. Sai kwamiti ya zauna ya ga abin da za a lissafa miki."

Kwamiti ya zauna, bayan mako biyu aka kira ta. An karɓi tarihi da Turanci da motsa jiki. Ɗa'ar ƙasa an daɗe da soke ta, babu gurbin da za a saka ta. Kimiyya tana nan tana jiranta. Sai sababbi biyu da yanzu suka zama wajibi kan kowa: darasin rubutu na 'yan shekarar farko, da darasin tsara umarnin kwamfuta.

"Shekara huɗu na yi ina karatun adabi," in ji Mi-ran. Ba ƙorafi take ba, ta ɗauka ne ko an manta.

"Na gaya musu! Har tebur na buga. Suka ce wai adabi karantawa ne, wannan kuwa rubutawa. Ki ji fa. Ɗayansu ma ba a haife shi ba lokacin da kika shigo."

"To, uku ke nan."

"Uku. Ki yi haƙuri, Yaya."

"Ba komai."

Ranar zaɓen kwas, guraben kan cike cikin daƙiƙoƙi kaɗan, yara suna zaune gaban kwamfuta da yatsa a shirye. Kafin Mi-ran ta gama shigar da lambarta, duk darussan kimiyya masu farin jini sun tafi, na taurari da na girki da na tsirrai. Abin da ya rage shi ne wani mai suna Jiki da Lafiya, ranar Litinin ƙarfe tara na safe. Shi ta ɗauka.

An rufe shago, wani mutum daga Gumi ya zo da babbar mota ya kwashe injinan. Sau uku a mako tana hawa jirgin safe da ƙunshin shinkafa da kimchi, wato tsimammen kabeji mai barkono, a jaka. Ranar farko da ta shiga aji ɗalibai suka yi tsit suka gyara zama, sun zaci malama ce. Da suka ga ta nemi kujera a layi na uku ta zauna, sai surutu ya dawo. Daga nan suka riƙa kiranta Inna, suna riƙe mata ƙofa, suna matsawa su bar kujera ɗaya tsakaninsu da ita. Ba su yi mata wulaƙanci ba, ba su kuma san abin da za su ce mata ba, ita ma haka.

Mai koyar da rubutu wata ce Malama Seok, siririya mai gajiyayyun idanu, wadda ke koyar da darasin nan ɗaya a jami'o'i uku tana tsere tsakaninsu da jakar goyo. Aikin farko da ta bayar shi ne kowa ya rubuta shafi biyu a kan kansa. Mi-ran ta zauna a teburin kicin yini guda. Abin da ya fito shi ne yadda ake tafiyar da yini da majinyaci: lokacin juya shi, yadda ake tallafo kafaɗa kafin ƙugu, kaurin da kunu zai yi don kada ya sarƙe, yadda ake gane ƙurjin kwanciya tun yana ja kafin ya fashe. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya.

Malama Seok ta tsayar da ita bayan darasi.

"Yaya, rubutunki ya fi na kowa tsabta. Rabona da ganin jimla irin wannan na daɗe. Amma na karanta sau biyu ina neman ki, ban same ki ba. Na ga hannuwanki. Ke kina ina?"

Mi-ran ta yi tunani da gaske, don ba ta so ta ba malama amsar banza.

"A gefen gadon," ta ce.

"A'a, nufina, me kika ji? Kin ji haushi? Kin so ki gudu?"

"Babu lokaci."

"To yanzu ai akwai."

"Akwai," in ji Mi-ran. Ta karɓi takardar ta tafi da ita gida don ta gyara. Ta ƙara sakin layi guda a kan yadda ake wanke gashin wanda ba ya iya zama, ta mayar. Malama Seok ta ba ta maki mai kyau, ba ta sake tambaya ba.

Jiki da Lafiya a babban ɗakin taro ake yinsa, mutum ɗari biyu, rabinsu suna gyangyaɗi. Mai koyarwar wani likita ne da ya bar asibiti, Dakta Byeon, mai son ba da dariya don ya tashe su. A mako na tara aka zo kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Ya haska hoton jijiya da ta toshe, ya lissafa alamomi: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. Ya ce duk wanda ya ga haka kada ya tsaya komai, a ruga asibiti, domin sa'o'in farko su ne komai.

"Kada kuma in ji wani ya yi irin ta kakanninku," in ji shi. "Mutum ya faɗi, sai a ɗauko allurar ɗinki a tsattsaga masa yatsu wai baƙin jini ya fita, a ɓare ƙwayar maganin gargajiya a tura masa a baki, a lulluɓe shi da bargo a ce bari ya huta zuwa gobe. Zuwa gobe kuwa ya huta da gaske!"

Aji ya fashe da dariya. Mi-ran ta rubuta a littafinta: kada a tsaga yatsu, kada a ba da komai ta baki, kada a jira. Abin da uwarta ta yi wa mahaifinta ke nan, ɗaya bayan ɗaya, har bargon. Sai washegari da rana aka kai shi asibiti. Uwar ta yi shekaru tana ba maƙwabta labarin yadda allurarta ta ceci ran mijinta.

Minti ashirin aka yi a kan shanyewar jiki, goma sha biyar a kan mantuwar tsufa, sannan aka wuce zuwa ciwon kai.

Da aka tashi ta jira layin masu tambayar abin da zai fito a jarrabawa ya ƙare, ta matsa.

"Malam, wannan na sa'o'in farko. A shekarar tamanin da takwas ma haka ne?"

Ya kalle ta, dariyar ta bar fuskarsa. "Wani naki ne?"

"Mahaifina."

"A lokacin maganin da ke narkar da toshewar bai zo ba. Da an kai shi da wuri, da wataƙila an rage wani abu, wataƙila kuma ba a rage ba. Ba zan iya ce miki ga yadda za ta kasance ba." Ya shafa ƙeya. "Ki gafarce ni da barkwancin nan, Yaya. Don su farka nake yi."

"Sun farka kuwa," ta ce. "Na gode, Malam."

A jirgin komawa ta zauna kusa da taga tana jiran wani abu ya taso mata, ko haushin uwarta, ko sauƙi, ko ma kunya. Ta jira har aka wuce Waegwan, aka wuce Gumi. Abin da ta lura da shi kawai shi ne an fara dashen shinkafa, kuma takalminta na hagu yana matsa mata. A jarrabawar ƙarshe an tambayi sau nawa ake juya majinyacin da ke kwance. Littafi ya ce duk bayan sa'a biyu. Ta rubuta cewa ya danganta da nauyin mutum da irin katifa da zafin gari, ta yi bayani rabin shafi. Aka ba ta rabin maki.

Kwamfuta ce ta kayar da ita. Tana fahimtar abin da ake so, sai dai yatsunta sun yi kauri, idanunta ba sa rarrabe waƙafi da ɗigo a kan gilashin, injin kuwa ba ya yafe ko ɗaya. Sakamako ya fito ta faɗi. Malama Gil ce ta kira ta da kanta, tana ta zagin kwamiti.

"Me mai digirin adabi za ta yi da wannan abin, don Allah? Mu da muke aiki da kwamfutar ma ba mu iya ba. Yaya, kada ki ce za ki bari fa. In kin bari ni zan zo har Gimcheon in ɗauko ki."

"Yaushe ake sake rajista?"

"Agusta."

"To."

Zango na biyu kwas ɗaya kawai take yi, ranar Talata. Ta sayi sabon tabarau. Ta haddace misalan littafin kamar yadda ta taɓa haddace tsofaffin waƙoƙi, layi-layi, ba tare da ta damu da ma'ana ba. Ta ci da mafi ƙarancin makin da ake ci da shi.

An yi bikin yaye ɗalibai a watan Fabrairun 2024, cikin sanyi mai tsanani. Dong-sik ya zo daga Seoul da matarsa da wani damin fure da ya kusa rufe masa fuska. Malama Gil ta fito daga ofis ta gyara mata hula, ta ɗauke su hoto, tana ta cewa a yi murmushi mana, ba makoki ake ba. Daga nan suka tafi cin taliya mai baƙar miya, kamar yadda kowa ke yi ranar gama makaranta.

Ana tsakiyar ci Dong-sik ya ajiye sandunan cin abincinsa. Sai ya fara kuka.

"Shekara talatin da huɗu," yake cewa. "Ina zuwa sau biyu a shekara da kwalin lemo. Na san abin da nake yi, Mi-ran. Kada ki zaci ban sani ba. Ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Mutanen teburin kusa suka juyo. Mi-ran ta kalli yayanta, tsoho mai furfura da baƙar miya a gefen baki yana kuka a bainar jama'a. Ta san ya kamata ta ji tausayinsa ko ta ji daɗin ganin ranar, ta laluba ba ta samu ko ɗaya ba. Ta zaro takardar goge baki ta miƙa masa.

"Yaya, ci abincinka. In taliyar nan ta huce kumbura take."

Ya karɓa ya goge idanunsa, ya ci gaba da ci yana jan hanci.

Ya so ta dawo Seoul kusa da su, ta ce za ta duba. Da bazara ta shiga wani ɗan gajeren horo na masu kula da tsofaffi, ta samu aiki a wani gidan jinya da ke bayan tashar Gimcheon. Shugabar gidan ta duba takardar neman aikin ta ɗaga gira.

"Digiri a adabi, bana? Ikon Allah. Mu dai nan ba ma buƙatarsa, kin sani ko?"

"Na sani."

"Kin taɓa ɗaga mutum daga gado?"

"Na taɓa."

Tana nan har yanzu, a hawa na biyu, da tsofaffi takwas a hannunta. Abokan aikinta sun ce ba ta fushi, ba ta gaggawa, kuma tun zuwanta babu wanda ya yi ƙurjin kwanciya a ɓangarenta. Lokacin hutun rana sukan taru a ƙaramin ɗaki su kunna talabijin suna gulmar iyalan majinyata. Ita takan zauna a gefe da kofin ruwan sha'ir mai ɗumi, in an yi dariya ta ɗan motsa baki, har ƙararrawar wani ɗaki ta yi ƙara ta miƙe.